Tikamsa ne ko Tikamsi? Yadda Turawa ke kiran sunan Tecumseh

Wani ɗan uwa da ke karanta tarihin Amurka ya tambaya, wai ya ci karo da sunan Tecumseh, jagoran nan na ƙabilar Shawnee ta 'yan asalin Amurka, ya shiga YouTube ya ji wani Bature ya ce Tikamsa, wani kuma ya ce Tikamsi, shi kuwa tun farko Tecumse yake karantawa da "c" ɗinmu irin ta cuku. To wanne ne daidai, kuma shi mai sunan yaya ake kiransa a gidansu?

Malam, biyun da ka ji a bakin Turawa duk daidai ne, manyan ƙamusoshin Amurka irin su Merriam-Webster duka biyun suke kawowa. Na ukun, wato naka, shine dai babu shi, kuma ba laifinka bane, idon Bahaushe ne ya yi maka aikinsa. Amma fa ka sani daga Tikamsa har Tikamsi babu wanda mahaifiyarsa ta kira shi da shi, duk baƙi ne suka ji sunan da kunnensu suka rubuta da harafinsu, daga baya wasu suka zo suka karanta rubutun suka ƙara masa wani canjin.

Bari mu fara da rubutun tunda nan tarkon yake. Haruffa uku ne a cikin sunan da in ka karanta su da Hausa zaka ɓata: c da u da h.

Ita c ɗin k ce. A Turanci kusan duk c da ta zo kafin a, o, ko u to k ake faɗa, kamar a cup da cut da come. Wannan bashi da wahala.

Ita u ce take rikita mutanenmu, har da waɗanda suka yi nisa a boko. Ba u ɗin "kunu" bace, wasalin nan ne na Turanci da ke cikin bus da number, wanda a kunnenmu ya fi kusa da gajeren a. Kuma kakanninmu da suka fara jin Turanci a bakin Turawan mulkin mallaka, ba a takarda ba, sun ji shi daidai, shiyasa muke cewa bas, lamba, sammaci, kamfani, ba mu ce bus ko lumba ba. Sai da aka fara koyon Turanci daga allo ne aka koma bin harafi. Don haka gaɓar tsakiyar sunan nan kam ce, ba kum ba, ba cum ba, ba kuma kom ba kamar yadda 'yan kudancin Najeriya za su so su faɗa.

Ita kuma h ta ƙarshe ba a furta ta sam. Aikinta kawai ta nuna maka cewa e ɗin da ke gabanta tana da rai, saboda a Turanci e ta ƙarshen kalma yawanci shiru take yi, da an rubuta Tecumse da Bature zai iya karanta shi Tikams ya tsaya. Irin h ɗin da ake maƙala wa Isah da Musah a takardar makaranta ce, ba wanda ke hura ta.

Sai inda ake danna murya. Turanci ba karin sauti yake amfani da shi irin namu ba, gaɓa ɗaya yake zaɓa ya ɗora mata nauyi sauran su kwanta. A wannan sunan gaɓar tsakiya ce ke ɗauke da nauyin, ta farko kuma tana raunana har ta kusa ɓacewa, shiyasa wani zaka ji kamar ti ya ce, wani kamar ta, wani ma kamar Tkamsi kawai, duk abu ɗaya ne kar ka tsaya musu a kai. In kana son ka kama shi da kunnen Hausa to ka faɗe shi da karin da kake faɗin Talata, ƙasa, sama, ƙasa: ti-KAM-si. A gani na wannan ya fi komai muhimmanci, don in ka ce TE-kamsi ka ɗora nauyin a farko, Ba'amurke zai ce maka "me ka ce?", amma in ka samu nauyin daidai ko sa ka ƙare da shi ko si ba wanda zai ɗaga kai.

Yanzu ga ainihin rigimar, ƙarshen sunan. Akwai masu ganin wai Tikamsa shine na masu ilimi, Tikamsi kuma na 'yan ƙauye ne da basu iya karatu ba. Ni ban yarda da wannan ba, kuma hujjata ba daga ƙamus take ba, daga siyasa take.

An kashe Tecumseh ranar 5 ga Oktoba 1813 a yaƙin da ake kira na kogin Thames, ba Thames na Landan ba, wani ne a Ontario ta ƙasar Kanada kusa da Moraviantown. Yana ɓangaren Ingila ne suna yaƙar Amurka a yaƙin da ake kira na 1812, sojan Ingila ƙarƙashin Janar Henry Procter suka watse da wuri suka bar shi da mutanensa a fadama. A cikin mahaya dokin Kentucky da suka afka musu akwai wani Kanar Richard Mentor Johnson, wanda ya sha harbi sosai a ranar, daga baya aka yi ta yaɗa cewa shine ya harbe Tecumseh. Masana tarihi basu tabbatar ba har yau, ko gawar ma ba a tantance ta yadda kowa zai gamsu ba kuma ba a san kabarinsa ba, amma dai Johnson ya ci abinci da labarin iya ci. A zaɓen 1836 ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Martin Van Buren, magoya bayansa kuma suna yawo suna rera: "Rumpsey dumpsey, rumpsey dumpsey, Colonel Johnson killed Tecumseh." Rumpsey dumpsey bata da wata ma'ana, shirme ne irin na waƙar kamfen, an ƙirƙire ta ne kawai don ta yi amsa-amo da sunan mutumin da aka kashe. To kaga anan ta yi mana amfani, don ba zata yi amsa-amo ba sai in ramsi damsi ya haɗu da Tikamsi. Wato shekara 23 kacal bayan mutuwarsa, lokacin da waɗanda suka gan shi ido da ido suna nan da ransu, jama'ar gari si suke ƙarewa da shi. Ba a ƙirƙiro na'urar da ke ɗaukar murya ta maimaita ta ba sai 1877, don haka irin waɗannan waƙoƙi da kuma kuskuren rubutu na mutane sune kaset ɗin da muke da shi, kuma a takardun zamanin ana samun masu rubuta sunan Tecumsey, wanda shima si ɗin yake nunawa.

(Johnson ɗin ma bai samu rinjayen wakilan zaɓe ba, sai majalisar dattawa ce ta zaɓe shi a 1837, shi kaɗai ne mataimakin shugaban Amurka da ya hau ta wannan hanyar. Kuma a jihar Nebraska akwai gundumar da aka sa wa sunansa, Johnson, hedikwatarta kuma garin Tecumseh. Wanda aka ce ya yi kisan da wanda aka kashe suna kan adireshi ɗaya.)

To daga ina sa ɗin ƙarshen Tikamsa ta fito? A Turancin Amurka wasalin ƙarshe mara nauyi yana yawan lilo tsakanin i da wani raunannen a, musamman a sunayen wurare. Jihar Missouri har yau wasu 'yan jihar Mizuri suke cewa wasu Mizura, haka Cincinnati tsofaffi na cewa Sinsinata, garin Miami na Oklahoma ma Mayama mutanensa ke kiransa. Ga kuma rubutun eh ɗin kansa, wanda duk wanda ya fara ganinsa a littafi kafin ya ji shi zai fi karkata ga a ko e. Shi yasa malaman tarihi da masu karanta labarai da yawa Tikamsa suke cewa, ba kuskure bane, ya zauna daram, sai dai ba shi da wani fifikon asali da zai sa a raina ɗayan.

Akwai wani abu kuma da inaga ka ji amma baka lura ba, da yawansu p suke sakawa a tsakiya, Tikampsi. Ka sake duba waƙar kamfen ɗin, rumpsey da dumpsey duk da p aka rubuta su. Wannan ba ƙari bane da gangan, baki ne ke yinsa. Lokacin da kake faɗin m leɓɓanka a rufe suke iska na fita ta hanci, da zaka koma s dole ka toshe hanyar hanci ka buɗe leɓɓa, in hancin ya toshe kafin leɓɓan su buɗe ko da ƙiftawar ido ne sai iska ta taru a baki ta fashe, wannan fashewar itace p. Gwada faɗin "hamsin" da sauri da ƙarfi zaka ji ɗan alamarta. Haka aka samu p a Thompson da Simpson, asalinsu ɗan Tom da ɗan Sim ne, babu p a ciki. Babbar shaida a nan shine Janar William Tecumseh Sherman, wanda ya ci Atlanta a yaƙin basasar Amurka a 1864. An haife shi a Lancaster ta jihar Ohio a 1820, mahaifinsa alƙali ne da ke ganin girman jagoran na Shawnee shine ya sa masa sunan, 'yan gidansu kuma suka gajarce shi suna kiransa Cump, wato Kamp. Sun ɗauki gaɓar da ke da nauyi, har da p ɗin da babu ita a rubuce. Wannan laƙabin shi kaɗai ya tabbatar maka da k ɗin, da a ɗin, da inda nauyin yake.

Yanzu tambayarka ta biyu, yadda su Shawnee ɗin ke faɗa. Harshensu na cikin dangin harsunan Algonquian, danginsu na kusa sune Meskwaki da Kickapoo, kuma a zamaninsa ba a rubuta shi, duk abinda muke da shi sojoji ne da 'yan kasuwa da tafintoci suka rubuta kowa da kunnensa. Shiyasa zaka ga Tecumtha, Tecumthe, Tekamthi, Tikamthe. Ka lura da abinda suka haɗu a kai: th, irin ta think a Turanci, wato harshe tsakanin haƙora, harafin nan na Larabci mai ɗigo uku da ke cikin sunan Usman. Shawnee na da wannan sautin sosai, a inda wasu danginsu ke da s su th suke da ita, misali "uku" a Meskwaki neswi ne, a Shawnee kuma nthwi. Kuma wasulansu huɗu ne, i, e, a, o, kowanne da dogo da gajere, babu u mai zaman kanta, wanda ya ƙara nuna maka u ɗin Tecumseh dabarar rubutun Turanci ce kawai.

Abinda ya faru da th ɗin shine abinda mu ma muka yi wa Larabci, Uthman ya koma Usman, hadith ya koma hadisi, mithal ya koma misali. Abin mamakin shine mu muna da uzuri tunda bamu da sautin, su kuwa Turawan Ingilishi suna da shi. A fahimtata dalili biyu ne suka haɗu. Na farko yankin manyan tafkunan nan, Detroit da kewaye, cike yake da 'yan kasuwa da tafintoci masu jin Faransanci, su kuma basu da th, ga kuma sauran ƙabilun da ya tara a ƙawancensa waɗanda s ce a bakinsu a wurin da Shawnee ke da th. Na biyu m da th a jere suna da nauyi a baki ko ga Bature, s ta fi sauƙin zamewa. Amma ba ko'ina th ɗin ta mutu ba. A Ontario akwai garin New Tecumseth, a Toronto akwai titin Tecumseth, can th ɗin ta tsira sai dai ta yi tsalle ta koma ƙarshe. Haka sunan Chillicothe, babban birnin jihar Ohio na farko, daga sunan ɗaya daga cikin rassan Shawnee guda biyar ya fito, Chalahgawtha, kuma har yau Cili-KO-thi ake faɗa, th ɗin na nan, ƙarshen kuma i ne. Can ne ma c ɗinka ta cuku zata yi maka aiki.

Ma'anar sunan kuma, yawanci zaka ga an ce tauraron nan da ke gilmawa da gudu da dare, wasu su ce damisar da ta tsallaka sama. Ba saɓani bane, tushen kalmar tsallakawa ne ko gilmawa daga wani wuri zuwa wani, shi kuma ɗan zuri'ar damisa ne, irin damisar Amurka mara zane, kuma a al'adarsu wannan tauraron ana danganta shi da wata damisar sama. Sunayensu na yanka da zuri'ar mutum suke tafiya. Da tauraro mai wutsiya ya bayyana a 1811, daidai lokacin da ya tafi kudu wajen ƙabilar Creek neman su shiga ƙawance, sai kuma girgizar ƙasa ta New Madrid ta biyo baya a Disamba, mutane da yawa sun ɗauka alama ce tasa.

Game da yadda ake amfani da sunan a Turanci akwai abubuwan da ya kamata ka kiyaye in zaka yi rubutu ko jarabawa. Suna ɗaya ne tilo, ba sunan mahaifi bane ba kuma sunan iyali ba, ba a sa masa Mista ba a kuma neman "sunansa na farko". Mahaifinsa Puckeshinwa ne, an kashe shi a yaƙin Point Pleasant a 1774 lokacin Tecumseh na ɗan wajen shekara shida, tunda wajen 1768 aka haife shi a ƙasar da yanzu take Ohio. Za ka ga ana rubuta Chief Tecumseh, to kar ka fassara shi da Sarkin Shawnee, don bai taɓa zama sarkin ƙabilar gaba ɗaya ba, hasali ma babban dattijonsu na lokacin, Black Hoof, adawa yake da shi yana ganin gara a zauna lafiya da Amurka. Shi jagoran yaƙi ne kuma mai baki, ƙarfinsa daga ƙabilu daban daban ya samo shi, da hujjarsa cewa ƙasa ta dukkan 'yan asalin nahiyar ce a haɗe babu wata ƙabila ɗaya da ke da ikon sayar da ita. Wannan ce ta sa ya ƙi yarjejeniyar Greenville ta 1795, ya kuma tashi haiƙan kan ta Fort Wayne ta 1809 wadda ta miƙa wa Amurka eka wajen miliyan 3, har ya je Vincennes a 1810 suka yi cacar baki da gwamna William Henry Harrison gaba da gaba. Jagora ko shugaban yaƙi ya fi dacewa da shi a Hausa. Sannan don Allah a bar cewa Jajayen Indiyawa, tsohon lafazi ne da su masu abin ke ɗauka cin fuska, ka ce 'yan asalin Amurka, ko mafi kyau ka kira ƙabilar da sunanta. Shawnee na nan basu ƙare ba, ƙabilu uku ne da gwamnatin tarayya ta amince da su kuma duk a Oklahoma suke inda aka kora kakanninsu, masu jin harshen sosai sun yi ƙaranci ƙwarai amma suna ta ƙoƙarin koya wa yara.

Zaka kuma ci karo da abinda suke kira la'anar Tecumseh, wai shi ko ƙaninsa ya tsine wa Harrison, shiyasa duk shugaban Amurka da aka zaɓa a shekarar da ke ƙarewa da sifili tun daga 1840 har 1960 a kan mulki ya mutu, Harrison, Lincoln, Garfield, McKinley, Harding, Roosevelt, Kennedy. Mutuwar tasu gaskiya ce, tsinuwar ce babu wata takarda ta zamaninsa da ta nuna an yi ta, daga baya can aka ƙaga labarin, Reagan da aka zaɓa a 1980 kuma an harbe shi bai mutu ba.

Wani abin da ke ban dariya shine yadda sunan ya fi mai shi yawo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙar Amurka, sai ga sojan ruwan Amurka sun sa wa jirgin yaƙi sunansa, USS Tecumseh, wanda nakiya ta nutsar a Mobile Bay a 1864. A makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis akwai wani mutum-mutumi da ɗalibai suka daɗe suna kira Tecumseh suna jefa masa kwabbai lokacin jarabawa, alhali ba shi bane, Tamanend ne na ƙabilar Delaware, sunan ne kawai ya fi daɗin faɗa ya manne. A Kanada kuwa gwarzon ƙasa ne tunda shi da Janar Isaac Brock suka karɓe Detroit a Agustan 1812, har sun buga hotonsa a kan tsabar santi 25 a 2012. In ma kana da aboki mai gyaran firij ka tambaye shi, da wuya bai taɓa ganin Tecumseh a jikin kwamfuresa ba, kamfanin daga garin Tecumseh na jihar Michigan ya samo sunan.

To wanne zaka riƙe? In garin kake nufi, bi 'yan garin, wannan ƙa'ida ce da bata da togiya a sunayen wurare. Na Michigan da na Ontario da ke kusa da Windsor Tikamsi suke cewa, in ka je can ka ce Tikamsa nan take za a gane baƙo ne. In mutumin kake nufi ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai kar ka riƙa canzawa a tsakiyar magana. Ni Tikamsi nake koya wa ɗalibai, saboda shedar waƙar 1836 da kuma cewa ya fi kusa da thi ko the na asalin, amma in malaminka Tikamsa yake faɗa kar ka ɗaga hannu ka ce zaka gyara masa, shima yana kan daidai. Tekamthi kuma ka ajiye shi sai inda ake maganar harshen Shawnee ɗin kansa, in ka jefa shi a hira ta yau da kullum yawancin Amurkawa ma ba zasu gane wa kake nufi ba.

In a rubutun Hausa ne, shawarata ka rubuta Tecumseh yadda yake a karon farko don mai son bincike ya same shi a intanet, ka faɗi yadda ake furta shi sau ɗaya, in kuma a rediyo za a karanta to ka rubuta wa mai karantawa Tikamsi kai tsaye don kar c ɗin ta kama shi a iska. Kuma tunda duk inda ka ga sunansa zaka ga na ƙaninsa, malamin addinin nan da Turawa ke kira Prophet, wanda Harrison ya fatattaki garinsa a yaƙin Tippecanoe ranar 7 ga Nuwamba 1811 lokacin Tecumseh baya nan, shi sunansa Tenskwatawa, wato buɗaɗɗiyar ƙofa, kuma nasa bashi da tarko, yadda Bahaushe zai karanta shi a rubuce Tens-kwa-ta-wa haka yake.